Ranar da Aka Zare Asma'u daga Bayana

Mai Wurno,
Watan Rajab, 1429.

Zuwa ga maigidana Abdussalami, wanda shinkafar Jidda ta sa ya manta da tsohuwar matarsa.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da begen ganinka, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Talatu da yara. Allah ya tsare ku, ya sa albarka a nemanka, ya ƙara maka kunya ka tuna akwai wata tsohuwa a bakin bahar, kogin nan namu, da ta wanke maka kashi tun kanka yana kamar tulu. Mu nan lafiya lau muke, sai godiya. Bahar ya fara cika, ruwan ya yi ja, har ya cinye gefen gonar kawunka Sambo inda ya shuka kuɓewa, ga shi nan kullum yana tsaye yana yi wa ruwa faɗa kamar zai ji. Uwarka tana fama da gwiwa amma tana zuwa kasuwa. Nasir ya koma jan hafila zuwa Sinnar, motar tana tafiya ne idan ta ga dama. Idona kuwa aikin da aka yi masa a Indiya ya yi kyau, yanar ta tafi sarai. Abin da ya dame ni kawai shi ne yanzu ina ganin munin jikokina ƙarara, da can kyakkyawan zato nake yi muku.

Uwarka ta ce ka tambaye ta ta waya, wai me ya sami Habboba, wato ni kakarka, ita da take zuwa Sinnar da safe ta dawo da labarin da za a yi wata ana ji, ta je har Indiya ta dawo bakinta a rufe. Tambayarka tana kan hanya. Labarin yana nan, nauyi ya yi mini, kuma ba irin wanda ake faɗa a waya ba ne ana ihu yara suna kewaye da mutum. Ka sami wuri ka zauna, ka kori Rayan daga cinyarka, sannan ka karanta.

Ka san ƙanenka Hamid yana karatu can da matarsa Ramla, kuma zuwana gyaran ido ya zo daidai da haihuwarta. Ta sami 'ya mace, aka sa mata Asma'u. Ni na yi mata wankan jego, a wani ɗan banɗaki da bai kai akurkin kajinmu ba, da kanwar da na ƙulle a bakin tob, babban mayafina, tun daga gida. Da arba'in ta matso sai na ce a shirya mu je kogi. Ka san yadda muke yi a nan: mai jego ta yi kwalliya, a ɗauki jariri a gangara bahar, a wanke masa fuska da hannu da ƙafa, uwar ma ta wanke, a yi Fatiha a dawo. Duk wanda ya fito daga tsatsona an yi masa, har kai, kuma kai ne ka fi kowa tsala ihu. Hamid ya ce, da Larabcin nan nasa da ya fi Hausarsa ƙwari, wai ya Habboba ga famfo nan, ruwa ai ruwa ne. Na ce masa famfo ba shi da gaɓa, ba shi da kifi, ba ya zuwa ko'ina, 'yata ba za ta fara duniya da ruwan ƙarfe ba. Ramla ta yi dariya ta ce ita ma tana so, ta gaji da zaman ɗaka. Sai Hamid ya tambayi maƙwabta, aka ce akwai babban kogi, tafiyar hantsi zuwa azahar a mota, da tsibiri a tsakiyarsa, wuri mai kyau. Ya zaɓi ranar da babu karatu. Abin da bai tambaya ba shi ne dalilin da ya sa babu karatu. Ashe ranar babbar ranar ibadarsu ce, kuma tsibirin nan shi ne inda kowa zai nufa.

Tun daga hanya na fara ganin alama. Mutane a ƙafa, layi ba iyaka, wasu ba takalmi, wasu da tuluna ƙanana rataye a sanda, maza da toka shafe a goshi, mata da furanni ruwan ɗorawa cike da hannu. Da muka sauka na hango tsibirin, dutse ne guda ya tashi a tsakiyar ruwa, ɗakunan bautarsu a kansa tun daga gindi har ƙoli, kowanne da tsini kamar an kifa zangarniyar masara, ga tutoci, ga hayaƙi, ga ƙararrawa da ganguna ba tsayawa. Sunan wurin ya fi ƙarfin bakina, kada ka tambaye ni. Na kama Ayatul Kursiyyu a zuci. Na ce wa Hamid ni ba ruwana da ɗakunansu, ko inuwarsu ba zan taka ba, a nemo mini gaɓa in wanke wa yarinya fuska mu juya. To gaɓar da ke wajenmu matakala ce ta dutse, kuma ko wurin sa ƙafa babu, maza da mata suna ta nitso da tufafinsu. Can ƙetare, a gefen tsibirin, na hango wasu duwatsu shiru ba kowa. Da sabon idon nan nawa na gan su, da na bar shi da yanarsa da mun koma gida. Hanya ɗaya ce zuwa can, wata gadar ƙafa, siririya, rataye da igiyoyin ƙarfe, ruwa yana gudu can ƙasa, kore shar, ba irin namu ba.

Ramla ba ta gama ƙwari ba, ga rana. Na ce ta kawo yarinyar. Na goya Asma'u yadda na goya uwarka da ku duka, na ɗaure zane a ƙirji, na ƙara majanyi, sannan na ja tob na lulluɓe mu duka saboda rana da idon mutane. Abdussalami, ka riƙe wannan da kyau. A Mai Wurno ko yaro ƙarami ya ga tudu a bayan mace ƙarƙashin tob ya san mutum ne, zai kauce. Su can a hannu suke ɗaukar 'ya'yansu, ko a kwiɓi. Ba wanda ya taɓa ganin an sa jariri a baya an rufe. Duk wanda ke bayana a gadar nan ƙunshin kaya yake gani, ko tsohuwa mai ƙusumbi. Ni kuwa ko a mafarki ban kawo wannan ba.

Mun kai wajen tsakiyar gada sai aka buga wani abu a tsibirin, kamar ƙaho, jama'a suka ɗauki wani kira da murya ɗaya, na baya suka danno. Hamid yana riƙe da hannuna, Ramla tana riƙe da rigarsa. Ban san yadda aka yi ba, na ji yatsunsa suna zamewa ɗaya bayan ɗaya, na ga hularsa ta yi gaba, shi ke nan. Gadar ta fara lilo. Na gaba sun tsaya cik, na baya ba su sani ba, suna ta turowa. Ƙirjina ya manne da bayan wani ƙato, bayana kuwa, inda Asma'u take, nauyin mutanen duniya ya sauka a kai. Na yi ƙoƙarin juyawa, babu hali. Na buɗe gwiwoyin hannuna baya in yi mata rumfa, aka matse su kamar karan dawa. Na yi ihu da Hausa na ce akwai yaro, akwai yaro a bayana. Na yi da Larabci. Na yi da Fulatancin da na tsinta wurin kakata. Ko ni ban ji muryata ba saboda ganguna. Asma'u ta fasa kuka, ina jin kukan a ƙashin bayana, ina cewa yi, 'yar nema, yi da ƙarfi su ji ki. Tana yi, tana yi, kukan ya koma kamar na ɗan kyanwa. Sannan ta yi shiru.

Na binne miji, na binne 'ya'ya biyu, na ga shekarar da bahar ya shigo mana har ɗaka. Ban taɓa jin abu irin shirun nan ba. Mai goyo tana sanin numfashin ɗanta da fatar bayanta, ba sai ta duba ba. Na kasa kunne da bayana duka, ban ji komai ba sai zufa da zafin jikin mutane. Ƙafafuna ma ba sa taɓa ƙasa, ɗauke ni ake yi. Na ce ya Allah, yarinyar mutane, ni na ce a zo.

Ina cikin haka sai na ji ana yaye mini tob ta baya. Hannu ya shiga tsakanin wuyana da zane, hannu mai awarwaro, na ji sanyinsu. Wata murya ta mace ta ƙwala ƙara a kunnena. Sai hannaye suka ƙaru, aka kama Asma'u ta hammata, aka zare ta sama kamar yadda ake zare rogo daga ƙasa mai laushi. Bayana ya zama wayam. Na ɗaga kai, na gan ta a sama, bisa kawunan mutane, da 'yar hularta ta ulu da na saƙa mata, kanta ya langaɓe, hannuwanta suna reto. Wannan ya miƙa wa wancan, wancan ya miƙa wa na gaba, tana tafiya a kan hannaye kamar tallan da ba mai shi, ana nufar tsibirin da ita, wajen ɗakunan nan masu hayaƙi. Na bi ta da ido har hular ta zama ɗigo, ta ɓace.

Kai ka san irin tatsuniyoyin da nake yi muku a kan gadon angare, na mutanen ruwa masu karɓar jarirai, da dodon da ake kai wa yaro duk shekara. Rabinsu ni nake ƙirƙira don ku daina zuwa bahar da tsakar rana, ina dariya a ciki idan na ga kun ƙanƙame juna. To ranar nan duk suka taso mini, ɗaya bayan ɗaya, da muryata. Na ce ga gumaka, ga ranar idinsu, ga baƙuwar jaririya ta faɗo hannunsu. Allah ya yafe mini, abin da na zata ke nan, kuma ban yi shakka ba ko kaɗan.

Yadda na sauka daga gadar ban sani ba. Na sami kaina a tsibirin, ba takalmi, ba tabarau ɗin da likita ya ce kada in cire, tob yana jan ƙasa, zanen goyo yana nan ɗaure a ƙirjina ba kowa a ciki. Lunguna ne ƙanana masu hawa, rumfuna dama da hagu cike da jan gari da kwakwa da furanni, birai a kan katanga suna kallona, wata saniya ta tare hanya ba mai ce mata kauce. Ina tafe ina leƙa hannun kowace mace. Wata na fizge mata mayafi daga abin da ta rungume, ashe kwakwa ce da ayaba. Mutane suka fara nuna ni, suna magana da sauri, suna nuna sama. Wani tsoho mai gashi har gadon baya, jikinsa fari fat da toka, ya kama bakin tob ɗina yana ja. Na kai masa duka. Bai saki ba, bai kuma rama ba, sai ja yake yana nuna matakala. Na ce to, sun gama da yarinyar, saura ni. Na ce gara in je in mutu inda take.

Ni da na rantse ko inuwar ɗakunansu ba zan taka ba, Abdussalami, sai ga ni a cikin babban. Duhu, zafi, fitilun mai, ƙararrawa a bisa kaina kowa ya wuce sai ya buga. Ƙasa jiƙe take, santsi, ina jin abu yana manne mini a tafin ƙafa, ban yarda na duba ba don kada in ga ja. Can ciki wasu maza ba riga suna zuba madara da ruwa a kan wani baƙin dutse, jama'a suna turereniya su taɓa. Na tura kai cikinsu ina duba gindin dutsen, ina duba kowane tire, kowane ƙunshi, ina kiran Asma'u, Asma'u, kamar 'yar kwana arba'in za ta amsa. Ban ga komai ba sai furanni da ganye. Tsohon nan ya sake jana, muka fita ta wata ƙaramar ƙofa, haske ya buge mini sabon ido har na durƙusa.

Fili ne ɗan ƙarami a bayan ɗakin, da wata babbar bishiya irin ceɗiya an ɗaure mata zare ja. Mata sun yi da'ira a ƙasa. Na hango hular ulu a yashe gefe, ita kaɗai. Da rarrafe na ƙarasa. Matan suka buɗe mini. A tsakiya wata yarinya ce zaune, ba ta kai Ramla ba, baƙa siririya, da alama 'yar ƙauye ce, da ƙaton zobe a hanci, tafin ƙafarta duk faso kamar na matan da ke tsinkar auduga a Jazira. Asma'u tana kan cinyarta, an tuɓe ta, jikinta sharkaf da ruwa, wata tana yi mata fifita da bakin zane. Kuma tana shan nono. Na ga kumatunta yana motsi. Na tsaya ina kallon kumatun nan, yana shiga yana fita, ban taɓa ganin abin da ya fi shi kyau ba, har da kai ranar aurenka. A gefen yarinyar ga nata ɗan, namiji, an kwantar da shi a kan tsumma yana ta tsala kuka an ƙwace masa abinci.

Wata dattijuwa cikinsu, mai awarwaro har gwiwar hannu, ta dafa bayana ta girgiza kai, ta buga ƙirjinta, ta sake dafa bayana ta girgiza kai, tana yi mini faɗa da yarensu. Ko kalma ban ji ba amma na gane duka, don da ni ce haka zan yi. Ta kwaikwayi yadda Asma'u ta zo musu a langaɓe, yadda suka watsa mata ruwan kogi daga tulunansu, suka hura mata fuska, suka murza mata tafin ƙafa har ta yi atishawa. Ni da ba a taɓa rufe mini baki a Mai Wurno ba, na sunkuyar da kai ana yi mini faɗa kamar amaryar jiya. Da Asma'u ta ƙoshi ta saki, yarinyar ta goge mata baki da yatsa, ta miƙo mini ita. Dattijuwar ta kwance zanen goyona da hannunta, ta ɗaura mini Asma'u a gaba, ta ja ƙulli har sai da na yi nishi.

Hamid da Ramla sun iso daga baya, wani ɗan sanda ya kawo su, Ramla ba murya saboda kuka. Kafin mu gama rungume-rungume da salati in ce wa Hamid ya tambayi sunan yarinyar da garinsu, na waiga, wurin wasu matan ne daban. Sun tashi sun shiga jama'a. Hamid ya zaga ya zaga, wa zai tambaya, ya ce wa? A kwalekwale muka ƙetaro, na rufe ido har gaɓa. Muka wuce asibiti kai tsaye, aka duba Asma'u ciki da waje, likita ya ce babu abin da ya karye, amma da an ƙara jimawa kaɗan da wani zancen ake yi. Yanzu tana nan ta yi ɓul-ɓul, Hamid ya ce har ta fara zama. Ni ce dai ban warke ba. Ko a kasuwar Mai Wurno wani ya matso ni ta baya sai in ji numfashina ya ɗauke. Rannan jikar maƙwabta aka miƙo mini in goya, na ce hannuna na ciwo.

Da na dawo na je wurin Malam Jibirin na ba shi labari, na tambaye shi hukuncin shigata wurin nan da kuma nonon. Ya ce shigar ba komai, wanda ke neman rai ba a tambayarsa inda ya taka. Nono kuwa, ya ce a mazhabarmu ko sau ɗaya jariri ya sha ya isa cikinsa, zumunci ya ƙullu. Wato yarinyar nan mai zobe a hanci uwar Asma'u ce, ɗanta mai kukan nan kuma ɗan'uwanta ne, har abada. Ka ga yanzu muna da dangi a wani ƙauye a Indiya, ba mu san sunansu ba, ba su san namu ba, kuma ni na shiga tsibirinsu ina zaton mayanka ne.

Ka gaishe mini da Talatu, ka ce mata turaren da ta aiko ya iso, kuma na ga ta rage mudu. Ka gaishe da Rayan da ƙaramin Mahadi, ka ce masa ina nan ina jiran sadakina. Ka gaishe da Alhaji Bilyaminu da iyalinsa, da Sara idan kuna haɗuwa, da duk 'yan Mai Wurno da ke nan. Uwarka da kawunka Sambo da Nasir da Sakinatu duk suna gaishe ka.

Saƙona ɗaya ne, kuma ba na atamfa ba ne wannan karon. Kai ne kake kusa da Ɗakin Allah. Idan ka je Makka, ka tsaya inda ake karɓar addu'a ka roƙa wa yarinyar nan alheri, Allah ya tsare ta, ya raya mata ɗanta, ya sa kada nononta ya ƙafe. Ba ni da sunan da zan ba ka. Ka ce uwar Asma'u ta tsibiri, Shi ya san ta.

Wassalam. Ni ce matarka ta fari da ba ka da kamarta,
Habbobarka, Sodangi.